Ku Tambayi Malam: Yarinyar da Ta Haddace Littafi Amma Ta Kasa Karanta Allon Kanti

Tun da aka raba wa yara sakamakon jarrabawar zangon da ya wuce, wasiƙun da suka iso wannan fili kusan duk a kan karatu da lissafin 'yan firamare suke. Na zaɓi biyar daga ciki, na gajarta wasu saboda ƙarancin wuri, kuma kamar yadda muka saba na sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. 'Yata shekararta takwas, tana aji uku a wata makarantar kuɗi, kuma tun da ta shiga ba ta taɓa yin ƙasa da ta biyar a ajinsu ba. Tana rera ei-bi-si daga farko har ƙarshe, littafin Turancinsu ma idan ta buɗe sai ta yi ta zuba kamar ruwa. Ranar Juma'ar da ta wuce muna cikin adaidaita sahu na nuna mata allon wani kanti da aka rubuta "ana sayar da ƙanƙara", wallahi ko kalma ɗaya ba ta iya karantawa ba. Abin ya tsaya mini a rai. Laifin makaranta ne, ko yarinyar ce ba ta da ƙwaƙwalwa? Daga uwar yara huɗu, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya mana su. Kafin ki ɗora wa kowa laifi, ki yi wani ɗan gwaji a gida wanda ba zai ci miki minti goma ba. Ki ɗauki littafin nan da take zubawa, ki kwafi kalmomi goma daga tsakiyarsa a wata takarda dabam, ki hargitsa jerinsu, sannan ki miƙa mata ba tare da hoton da ke shafin ba. Idan ta karanta su, to abin da ya dame ta a allon kantin shi ne rubutun Hausa da ba ta saba gani ba, kuma wannan gyaransa kwana kaɗan ne. Idan kuwa ta yi shiru tana kallonki, ko ta gane kalma guda sai ta kama rero shafin gaba ɗaya, to abin da take yi tun tuni hadda ce. Yaro ɗan wannan shekaru yana da kaifin hadda mai ban mamaki, kuma a ajin da malama take karanta layi yara su amsa da ƙarfi har sau ashirin, babu abin da zai hana shi haddace shafi ko da bai taɓa duban baƙaƙen da ke ciki ba. Tun da jarrabawar ma daga wannan shafin ake fitar da ita, matsayin da take ɗauka yana nuna ƙarfin haddarta ne, wanda kuma shi kansa shaida ce cewa ƙwaƙwalwarta lafiya lau take.

Ba ita kaɗai ba ce. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin kowane goma 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi, kuma da yawa daga cikinsu kullum suna sanye da kayan makaranta.

Waƙar ei-bi-si tana koya wa yaro sunayen haruffa ne, alhali mai karatu sautinsu yake aiki da shi. Ki gwada da kanki: ki faɗi "en, ei, em, ei" da sauri iya yadda za ki iya, ba za ki taɓa jin "nama" ya fito ba. Amma yaron da ya san cewa wannan baƙin sautinsa "nnn" ne, wancan wasalin kuma "a", zai haɗa su ya sami "na", ya haɗa na gaba ya sami "ma", sai kalma ta fito masa da kanta. Malamanmu na makarantar allo sun daɗe da gane wannan tsari, shi ya sa almajiri yake fara babbaƙu, ya san kowane baƙi shi kaɗai, sannan ya shiga farfaru inda ake ɗora wa baƙin wasali, kafin a bar shi ya ja aya. Ba a taɓa ba ƙolo izu guda a ce ya gano baƙaƙen daga baya ba, amma abin da makarantun boko da yawa suke yi wa 'ya'yanmu ke nan.

Shawarata ita ce ki fara da ita da Hausa, minti goma sha biyar kullum, bayan la'asar ko duk lokacin da ba ta gaji ba. Kwana uku na farko kada ma ki ɗauko takarda, domin aikin kunne ne. Ku riƙa tafa gaɓoɓin kalma tare, ta-bar-ma tafi uku, A-mi-na tafi uku, ru-wa tafi biyu, sannan ki tambaye ta wace ce bare a cikin masara da mangwaro da gero, da abin da ya sa. Bayan haka ki kawo haruffa huɗu kacal, wato a da n da k da m, kada ki bi jerin abacada. Da waɗannan huɗun za ta iya karanta nan, mama, kaka, kama, nama, har da kankana, kuma a makon farko za ta karanta cikakkiyar jimla irin "Kaka na nan". Idan kika ƙara mata u a mako na biyu, ga kunama, ga kunu, ga "mun kama kunama". Na sha ganin fuskar yaro a lokacin da kalmar farko ta fito masa daga takardar da babu wanda ya taɓa karanta masa ita, kuma a shekarun da na yi ina riƙe da alli ban ga abin da ya fi wannan sa yaro son littafi ba.

Haruffa masu lanƙwasa ki bar su sai ta yi ƙarfi, sannan ki kawo su bibbiyu da 'yan'uwansu, don ta ji bambancin da ke tsakanin baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bata da ɓata. Kowace rana ki rufe da shifta ta kalmomi biyar, domin yaron da ya iya rubuta abin da ya ji ya riga ya mallaki sautin. Akwai kuma wani abu da rubutunmu na boko ba ya nunawa, wato tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa garin Gusau da garin tuwo suke da rubutu iri ɗaya, haka ma kukan jariri da miyar kuka. Idan ta yi tuntuɓe a irin waɗannan, ki ce ta karanta jimlar har ƙarshe ta dawo, ma'anar ce za ta zaɓa mata.

Idan ta fara haɗa kalmomi, sauran aiki shi ne sauri, saboda yaron da yake jan kowace gaɓa da ƙyar kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Maganin wannan shi ne ta maimaita gajeren labari guda sau uku ko huɗu, ki tambaye ta abin da ya faru a ciki, gobe kuma ki sauya mata wani. Game da makaranta, ki je ki sami malamarta cikin mutunci ki nuna mata takardar gwajin nan, don mai yiwuwa ita ma ba ta taɓa sauraron yarinyar ita kaɗai ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na karanta a wannan fili kana cewa a fara koya wa yaro karatu da Hausa. Makarantar da ɗana yake har tara ake cin duk wanda ya yi Hausa a aji, kuma ni ma ina ganin suna da gaskiya, tun da jarrabawar fita sakandare da ta shiga jami'a duk da Turanci ake yin su. Ashe Hausar ba za ta ɓata masa Turanci ba? Daga wani ma'aikacin banki, Zariya.

Amsa: Barka kadai, Alhaji. Damuwarka tana kan hanya, kuma ni ma ba na son ɗanka ya gama firamare da gurguwar Turanci. Inda muka saɓa shi ne hanyar da ta fi saurin kai shi can. Yaron da aka ce ya koyi karatu da harshen da bai ji ba an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, ga gano yadda alama take zama sauti, ga kuma gano ma'anar abin da ya furta. Idan ya haɗa k-a-z-a ya ji "kaza", nan take ya san ya yi daidai, domin ga ta can tana tono a tsakar gida. Idan kuwa kalmar baƙuwa ce, ko ya furta daidai ba shi da abin da zai tabbatar masa, sai ya koma jiran malama ta faɗa ya amsa.

Sannan rubutun Turanci kansa ba shi da alƙawari. Haruffansa 26 ne amma sautukansa sun haura 40, wasali guda yana iya fita ta hanya uku ko huɗu, wasu haruffan ma ana rubuta su ba a furtawa. An kwatanta yaran ƙasashen Turai, aka ga 'yan Finlan da Italiya da Sifen, waɗanda rubutunsu yake bin furuci kamar namu, yawancinsu sun iya haɗa kalmomi kafin su gama shekarar farko a makaranta, su kuwa yaran Birtaniya, da harshen uwarsu ma, sai sun ninka wannan lokaci ko fiye. Idan ɗan Baturen da aka yi wa tawai da Turanci yana shan wannan wahala, ka auna ta ɗan Tudun Wada.

A nan gida Nijeriya ma an gwada. Daga 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa, wanda daga baya ya zama ministan ilimi, ya jagoranci wani aiki a Jami'ar Ife inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare na shekara shida da Yarabanci, Turanci kuma ya zama darasi guda mai zaman kansa. Da aka kwatanta su da takwarorinsu da aka juya wa harshen koyarwa zuwa Turanci tun a tsakiyar firamare, ba su gaza ba ko a Turancin, a sauran darussa kuma sun yi gaba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ita ma ta tanadi a fara shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, sai dai tanadin ya fi zama a takarda, kuma gwamnatoci sun yi ta juya maganar. A 'yan shekarun nan an yi shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, duka a kan koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa.

Dabarar haɗa baƙi da wasali sau ɗaya ake koyon ta a rayuwa, kuma da yake boko da Turanci haruffan Rumawa suke amfani da su, yawancin baƙaƙen da ɗanka ya sani za su bi shi. Wuraren da za ka lura da su kaɗan ne: c ɗinmu na cokali ba haka take fita a Turanci ba, wasulan sun bambanta, sannan kunnen Bahaushe bai saba da p da v ba, sai an yi musu aiki na musamman. Ka bar shi ya ci gaba da jin Turanci da yin sa a makaranta, a gida kuma ka ba shi karatun Hausa. Batun tara kuwa, ra'ayina shi ne abin da take koya wa ɗan shekara shida shi ne rufe baki, kuma wanda ya saba yin shiru a aji ba ya tambaya ko da bai gane ba.

Tambaya: Malam, ni malamar aji huɗu ce a makarantar gwamnati, yarana sun haura 90. A cikinsu akwai masu karanta labari, akwai kuma waɗanda ko sunansu ba sa iya rubutawa. Idan na tsaya wa na baya, manhaja ta wuce ni, mai duba makarantu kuma littafin tsarin darasi yake dubawa. Idan na bi manhaja, rabin aji kallona kawai suke yi. Yaya zan yi? Daga wata malama, ƙaramar hukumar Ringim.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ki. Wannan ciwo ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara bin ƙauyuka gida-gida tun 2005 tana gwada karatun yara, kuma shekara da shekaru sakamakon yana nuna cewa kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta littafin aji biyu. Daga nan suka gina tsarin da ake kira koyarwa daidai da matakin yaro, wanda masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, da suka sami lambar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka yi ta gwada shi har aka tabbatar yana aiki. An kawo shi Borno, a Kano kuma an gwada shi a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Ba sai kin jira wani shiri ya iso makarantarku ba, domin abin da ake bukata bai wuce takarda guda da alli ba.

Ki rubuta takarda mai kashi huɗu: haruffa goma a warwatse, kalmomi goma masu sauƙi, gajerun jimloli huɗu, da ɗan labari mai layi takwas ko goma. Ki kira yaran ɗaya bayan ɗaya, ki fara kowa daga jimlolin. Wanda ya wuce ki hau da shi zuwa labari, wanda ya kasa ki sauko da shi kalmomi, in ya sake kasawa haruffa. Kowane yaro minti biyu zuwa uku ya ishe shi, wato idan kina ɗaukar goma sha biyar a rana, cikin kwana shida ko bakwai kin san matsayin kowa. Lissafi ma haka: gane lamba mai alƙalami ɗaya, mai biyu, ɗebewa mai aro, sai rabawa. Ina gargaɗinki da cewa sakamakon zai iya ɓata miki rai, domin za ki tarar da wasu daga cikin masu ɗaga murya a sahun gaba suna rukunin haruffa.

Daga nan ki nemi shugaban makaranta ya ba ki awa guda kullum, zai fi kyau da safe, inda za a ajiye manhaja a raba yara bisa matakinsu. Abin ya fi armashi idan malaman aji huɗu da biyar da shida suka haɗa kai, ɗaya ya ɗauki 'yan haruffa na azuzuwan uku, ɗaya 'yan kalmomi, ɗaya masu karanta labari, ko da wani rukunin a gindin darbejiya zai zauna. Idan ke kaɗai ce, masu karanta labarin su zama mataimakanki, kowanne ya riƙe yara biyar ko shida, ke kuma ki fi zama wurin na can ƙasa. Ƙasa ma allo ce, yaro zai iya rubuta harafi da tsinke ya share ya sake sau ashirin ba a kashe ko sisi ba. Bayan mako huɗu ko shida ki sake gwajin da sabuwar takarda, wanda ya ci gaba ya sauya rukuni. Kada ki raɗa wa rukunan suna da zai nuna na gwanaye da na daƙiƙai, kuma kada kowa ya dawwama a inda aka fara ajiye shi.

Shi kuma mai duba makarantu, ki ajiye masa takardar sunaye mai nuna matakin kowane yaro a gwajin farko da na biyu. Ban ce kowanne zai yaba ba, amma ban taɓa ganin wanda ya iya musa cewa yara talatin da ba su san harafi ba a watan jiya yau suna karanta kalma.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ɗana yana aji na uku, wanda muke kira CE1, a lakwal, wato makarantar boko, kuma bayan an tashi yana taya ni zama a shago. Idan mutum ya yi sayayyar dala talatin da biyar ya ba da dala ɗari, kafin in ɗaga kai ya ce canjinsa dala sittin da biyar. Amma mushensu, wato malaminsu, ya nuna mini takardarsa, an ba shi 500 a ɗebe 175 ya rubuta 475, an ba shi 52 a ɗebe 17 ya rubuta 45. Ta yaya yaron da ba a cuta a shago yake faɗuwa lissafi? Daga wani mai shago, Maraɗi.

Amsa: Ina amsawa, Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Wasiƙarka ta fi kowace faranta mini rai a wannan wata, saboda ka aiko da amsoshin da yaron ya rubuta, kuma a cikin kuskuren yaro ake gane tunaninsa. Ka lura cewa tambayar farko ita ce ainihin lissafin da ya yi maka a shago, tun da a kuɗin sefa dala ɗaya tamma biyar ce: dala ɗari ita ce 500, dala talatin da biyar ita ce 175, canjin kuma 325, wato dala sittin da biyar ɗin da ya faɗa. Ya san amsar sarai, bai dai gane cewa tambaya ɗaya ce aka sauya wa riga ba. An taɓa yin bincike a kan haka a birnin Resife na ƙasar Brazil, aka wallafa a 1985, inda aka ga yara masu talla suna lissafin ciniki kusan ba kuskure, amma da aka rubuta musu lissafin nan dai a takarda sai yawancinsa ya gagare su.

Amsoshinsa biyu kuma ba na kame-kame ba ne, doka guda ya bi. A kowane layi na tsaye yana cire ƙaramin alƙalami daga babba, ko wanne ne a sama. A 52 da 17 ya ga 2 da 7 ya ce biyar, ya ga 5 da 1 ya ce huɗu, sai 45 ta fito, kuma idan ka bi ɗayar haka za ka sami 475. Abin da ya ɓace masa shi ne darajar gurbi, wato sanin cewa 5 ɗin da ke cikin 52 gomomi biyar ce, kuma ana iya farke goma guda ta koma ɗai-ɗai. A shago yana yin wannan kullum idan ya fasa dala ashirin ta zama ƙananan kuɗi, amma a allo babu wanda ya nuna masa cewa aron da ake cewa a yi shi ne wannan fashin.

Ka samo tsinken tsintsiya ko karan dawa da aka yayyanka, ku ƙirga goma-goma ku ɗaure da zare ko roba. Ka ce ya ajiye maka 52, wato ɗauri biyar da tsinke biyu, sannan ka ce ya ba ka 17. Zai miƙo ɗauri guda, ya tsaya yana duban tsinke biyun da ba su kai bakwai ba. Kada ka gaya masa komai, ka bar shi har ya kai hannu ya kwance ɗauri da kansa, ya sami sha biyu, ya cire bakwai. Abin da ya rage a tabarma ɗauri uku ne da tsinke biyar. Sai a lokacin za ka ɗauko takarda ku rubuta abin da hannunsa ya yi, layi bayan layi. Ku yi haka da tambayoyi uku ko huɗu kullum har mako biyu, daga nan ku haɗa ɗauri goma su zama dami guda na ɗari. Da damin nan ne zai gane aikin sifili, domin yara da yawa idan aka ce su rubuta ɗari da biyar sai su rubuta 1005, yadda suka ji a kunne. Wanda ya ga dami ɗaya, babu ɗauri, ga tsinke biyar, ya san abin da sifilin 105 yake tsaro.

Akwai kuma nauyin harshe. Ƙirgan Hausa a fili yake faɗin abin da ke cikin lamba, goma sha uku goma ce da uku, arba'in da bakwai kuma ba ta ɓoye komai. Kakanninmu ma kafin mu ari ashirin da talatin daga Larabci gomiya biyu da gomiya uku suke cewa, kuma ina ba malamai shawara su farfaɗo da wannan a aji na ɗan lokaci, don ya fi nuna gomomin. Har ɗebewa tana cikin bakinmu, tun da muna cewa ashirin ba ɗaya ko ɗari ba biyu. Faransanci kuwa saba'in a wurinsa sittin da goma ce, tamanin ashirin huɗu ce, 97 kuma sai an ce ashirin huɗu da goma da bakwai, ga shi ɗanka yana juya dala zuwa tamma a kansa. Saboda haka duk lissafin da aka ba shi, ka sa ya fara faɗin sa da Hausa a matsayin ciniki, ya yi hasashen amsar, sannan ya rubuta. Yaron da ya san canjin dala ɗari ba zai yarda a cire 175 daga 500 a sami 475 ba, idan dai ya tuna kuɗi ake magana.

Kada mushe ko kai ku hana shi ƙirga da yatsu a wannan mataki, zai bari da kansa idan ya haddace abokan goma, wato ɗaya da tara, biyu da takwas, uku da bakwai, har zuwa biyar da biyar. Jadawalin sau ma kada a fara shi da waƙa. Gidan dara yana da layi biyar na gurbi shida-shida, ka sa ya gano yawansu ba tare da ƙirga ɗai-ɗai ba, sannan ka juya shi ta ɗaya gefen ya ga shida sau biyar da biyar sau shida duk talatin ne. Na biyar kuwa ya riga ya iya shi tun ranar da ya san dala.

Tambaya: Malam, jikana ɗan shekara shida bahago ne, kuma yana juya b ta zama d, wani lokaci 3 ma sai ta kalli baya. Uwarsa tana bugun hannun don ya koma dama. Ko wannan alamar wata lalura ce? Daga wata kaka, Kumasi.

Amsa: Hajiya Kaka, Allah ya ƙara girma da lafiya. Juya harafi a shekara biyar zuwa bakwai abu ne da aka saba gani, ga bahago da mai dama duka. Kafin yaro ya shiga makaranta duk abin da ya sani sunansa ɗaya ko ta ina aka juya shi, buta buta ce ko bakinta gabas yake kallo ko yamma, sai a rubutu ne ya fara haɗuwa da abin da juyawa take sauya masa suna. Yaranmu kuma nauyinsu ya fi, domin ga b da d ga ɓ da ɗ, sannan da yawansu da safe suna rubutu daga hagu, da yamma a Islamiyya suna farawa daga dama. A koya masa b ita kaɗai har ta zauna kafin a kawo d, yana faɗin yadda hannu yake tafiya, sanda tukuna sannan ciki, kuma a sa masa ɗigo a gefen hagu na takarda don ya san mafara.

Ku roƙi uwarsa ta daina bugun hannun. Ladabin ci da karɓar abu da dama ana koya wa bahago shi ya riƙe, amma alƙalami a bar masa a hannun da ya fi ƙarfi, a karkata masa takardar kaɗan zuwa dama, a kuma zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Idan ya kai shekara takwas abin bai ragu ba, kuma ga wahalar haɗa sautuka duk da ana koya masa kullum, to a fara kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa, sannan a nemi malamin da ya karanci ilimin yara masu bukata ta musamman ya gwada shi a kan lalurar karatu da ake kira disleksiya.